Gyaran bel ɗin kujera a tsohuwar mota: yadda zai zauna daidai a jiki, ya daina takura

Tsofaffin motocin da ke yawo a Damagaram, su Peugeot 404 da 504, da Mercedes 200 da 230 na shekarun 1970 da 1980, da Land Cruiser samfurin 40 da 60, yawanci masu su sun kula da inji, sun kula da fenti, amma bel ɗin kujera, santir ke nan, yana can a cuse a bayan kujera ya sha ƙura. In ka tambayi dalili, amsa ba ta wuce uku: yana cin wuya, yana shaƙe ƙirji, ko kuma in an ja shi ba ya komawa. Ƙorafin gaskiya ne, kuma kowanne yana da musabbabinsa da ake iya gani da ido a gyara. Abin da ya kamata a riƙe tun farko shi ne, wurin da bel yake takura maka yau lafiya lau, nan ne zai ji maka ciwo ranar da aka yi karo. Saboda haka ba a maganin takura da sassauta bel, ana maganinta ne da gyara mazauninsa.

Mota mai gudun kilomita 50 a awa in ta daki abu ta tsaya cik, jikin na ciki kamar ya faɗo ne daga tsayin mita 10. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura bel yana rage haɗarin mutuwar na kujerar gaba da kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari. A tsohuwar mota, wadda ba ta da jakar iska, bel shi ne kusan duk kariyar da ake da ita.

Fara da sanin irin bel ɗin da ke motarka

Iri uku ne. Akwai na ƙugu kaɗai, mai maɗauri biyu. Akwai mai maɗauri uku wanda ya ratsa ƙirji ya kuma kama ƙugu, amma tsayinsa da hannu ake daidaitawa, ba ya naɗe kansa. Sai mai maɗauri uku da akwatin naɗi, wanda yake bin motsin jiki ya kulle in an taka birki. Mai maɗauri ukun, injiniyan kamfanin Volvo Nils Bohlin ne ya fito da shi, aka fara sa shi a motoci a 1959. Faransa, inda yawancin Peugeot ɗinmu suka samo asali, ta wajabta ɗaura bel a kujerun gaba a wajen gari a 1973, na baya kuwa sai a 1990. Wannan ya sa za ka tarar da motar da gabanta da bel, bayanta babu, ko akwai ramukan ɗaurawa amma ba a taɓa sa komai a ciki ba.

Duba ƙaramar takardar da aka ɗinke kusa da gindin bel. In ya cika ƙa'idar Turai za ka ga harafin E a cikin da'ira da lambar ƙasar da ta amince da shi: E1 Jamus, E2 Faransa, E11 Ingila. Harafin A yana nufin mai maɗauri uku, B na ƙugu kaɗai. In ka ga Ar4m, bel ne mai akwatin naɗi da ke kullewa ta hanya biyu, da fisgar bel da kuma tsayawar mota. Shi ake nema in za a sayi sabo.

Inda bel ya kamata ya bi

Zauna yadda kake tuƙi kullum, gadon bayanka a jingine, ƙugunka a can ƙurya. Ɓangaren ƙasa ya kwanta a kan ƙashin ƙugu, yana taɓa saman cinya. Sa yatsa ka laluba ƙasusuwan nan biyu da suka ɗan turo a gaban ƙugu dama da hagu: bel ya bi ta kansu ko ƙasa da su kaɗan. In ya hau kan cibiya, babu ƙashin da zai tare shi, hanji da hanta da saifa ne za su ɗauki nauyin. Ɓangaren sama ya bi ta tsakiyar ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa, ya gangaro ta tsakiyar ƙirji. Kada ya taɓa wuya, kada ya zame zuwa dantse. Makullin ya tsaya a gefen ƙugu, wajen kujera, kada ya hau kan ciki.

Babbar riga tana da nata sha'ani. Yadin shadda in ya taru a ciki yakan ɗaga bel sama ya bar rata mai yawa. Kafin ka ɗaura, ja gaban rigar sama kaɗan, ka kwantar da bel a ƙugu a ƙarƙashin tarin yadin, sannan ka saki rigar a kai, ka ja ɓangaren ƙirji sama don ya tsuke na ƙasa. Fitar da waya da alƙalami da tabarau daga aljihun ƙirji. Mai hijabi ita ma haka, ta gyara yadin kada ya naɗe a makulli. Mai juna biyu ta ɗaura, ɓangaren ƙasa a ƙarƙashin cikin, na sama tsakanin nonuwa ya bi ta gefen cikin.

In bel ɗinka marar akwatin naɗi ne, a ja shi har ya zama tafin hannu ɗaya a kwance ne kawai ke shiga tsakaninsa da ƙirji. Kowane direba sai ya sake daidaita shi da jikinsa.

Kafin a zargi bel, a duba kujera

Mafi yawan masu cewa bel yana cin wuyansu, kujerarsu ce ta mutu. Soson da ya shekara arba'in ya lotse, sifirin ko robar da ke ƙarƙashinsa ta saki, mutum ya nutse ƙasa da santimita 4 ko 5. Zoben kafaɗa, wato wanda bel yake ratsawa a jikin mota saman kafaɗa, yana nan inda kamfani ya sa shi, kafaɗar ce ta sauka, sai bel ya koma wuya. Haka kuma kujerar da gabanta ya lotse tana barin ƙugu ya zame ta ƙarƙashin bel lokacin karo, bel ya koma ciki.

Maganin yana wurin mai ɗinkin kujeru. A sa soso mai tauri, a gyara sifirin, a tabbata gaban mazaunin ya ɗan fi bayansa tudu. Matashin da ake azawa a kan kujera ba ya maye gurbin wannan aiki, domin yana zamewa daidai lokacin da ake buƙatar ya tsaya. Jinginar baya kuma a miƙe ta: in an kwantar da ita sosai, bel yana barin ƙirji ya rataya a iska. Girgiza kujerar da hannu biyu. In tana motsi a kan layin ƙarfenta, a ɗaure bulon ɗinta a gyara maƙalinta tukuna, musamman a motar da makullin bel yake ɗaure a jikin kujerar.

Binciken bel ɗin kansa

Jawo shi gaba ɗaya har ƙarshe, ka bi shi da yatsu taƙi bayan taƙi a cikin haske. Abin da ke sa a jefar da bel ba tare da ciniki ba: yanka ko da ƙarami a gefe, zare da ya tashi, ƙunar taba, ɗinkin gindi da ya fara warwarewa, wurin da ya yi ƙyalli ya taurare alamar ya taɓa riƙe mutum a haɗari, da wurin da ruwan batir ya taɓa. Kwatanta launin ɓangaren da ke shan rana da na wanda ke ɓoye cikin akwati. In baƙi ya koma toka-toka kuma yana ƙara in an lanƙwasa shi, rana ta cinye ƙarfinsa. Ranar bazara a nan, da zafi ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ba ta barin zaren roba lafiya, balle a motar da ke yini a fili.

Damagaram gari ne na dukawa masu hannu, kuma da yawa sukan kai bel da ya tsinke a ɗinke musu. Kada a yi. Ƙa'idar Turai ta ce saƙar bel ta jure jan da ya kai kimanin tan ɗaya da rabi kafin ta tsinke, faɗinta kuma kada ya gaza milimita 46. Ɗinkin gindinsa da zare na musamman ake yi da tsari na musamman. Ɗinkin takalmi ko na jaka, komai kyansa, ba a gwada shi da wannan nauyi ba. Ƙulli ma haka, yana rage ƙarfin saƙar sosai.

Makulli: sa harshen ƙarfen, ka ji ƙarar kamawa, ka fisga da ƙarfi, sannan ka danna maɓallin ka ga harshen ya yi tsalle ya fito da kansa. In yana wahalar kamawa, leƙa ramin da tocila. Abin da ake samu a ciki ba ya wuce yashi, ɓawon gyaɗa, ƙwallon dabino ko kwabo. A hure shi da iskar mai faci. Ba a zuba masa baƙin mai ko giris, domin ƙurar hunturu tana haɗuwa da su ta zama laka.

Bel da ba ya komawa, da wanda ke kullewa ba dalili

Kafin a ce sifirin akwatin naɗi ya mutu, a wanke bel ɗin. Gumi da ƙura sukan sa saƙar ta kumbura ta yi tauri, ta kasa wucewa ta zoben kafaɗa. Jawo bel duka, ka maƙale shi a bakin akwatin da abin shanya don kada ya koma. Jiƙa shi cikin bokitin ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi na minti 15 zuwa 20, ka goge da burushi mai laushi, ka ɗauraye. Ban da ruwan jabel, ban da fetur ko gas, ban da rini. Ya bushe a inuwa a miƙe, ya bushe sarai kafin a sake shi cikin akwati. Sai a kankare baƙin daskararren dattin da ya taru a leɓen zoben kafaɗa da ɗan itace ko roba, ba da wuƙa ba. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa.

In bel ya murɗe a cikin zoben ko a cikin harshen, ninka shi a karkace kamar taƙi ɗaya kafin zoben, ka ja ninkin ya ratsa, zai juyo daidai. Bel murɗaɗɗe yana yanka jiki, don nauyin ya taru a siririn wuri.

Murfin sifirin da ke gefen akwatin naɗi ba a buɗe shi. Sifirin ɗin doguwar tsinkiyar ƙarfe ce a naɗe da ƙarfi, tana iya fallatsowa fuska, kuma mayar da ita daidai sai wanda ya ƙware. In wanki bai yi ba, a canza bel ɗin gaba ɗaya.

Kullewa ba dalili kuwa, yawanci zaman akwatin ne ya karkace. A cikinsa akwai ɗan ƙwallon ƙarfe ko lilo da ke motsawa ya kulle in mota ta rage gudu da ƙarfi ko ta karkata. An tsara shi kada ya kulle in karkatar ba ta wuce digiri 12 ba, ya kuma kulle in ta wuce 27. Akwatin da aka ƙera don ya tsaya a miƙe, in aka ɗaura shi a kwance ko a jirge, ko dai ya riƙa kullewa kullum, ko kuma, abin da ya fi muni, ya ƙi kullewa ranar buƙata. Don haka ba kowane bel ɗin gwanjo ne ke shiga kowace mota ba, ko da ramin ya yi daidai, kuma na dama ba lalle ya yi a hagu ba. Akwai sababbin da ake juya na'urar kullewarsu daidai da yadda aka ɗaura su, su suka fi dacewa da tsohuwar mota. A hanyar gargada, irin ta shiga ƙauyuka daga titin Tanut ko na Magariya, bel mai lafiya ma yakan kulle ya riƙa tsukewa. Wannan aikinsa ne. Jingina baya, ka bar shi ya koma kaɗan, zai saki.

Ɗaura sabo: a nan ne aikin yake

Fara da neman ramukan kamfani. Ɗaga kafet a gefen kujera ta wajen ƙofa da ta wajen tsakiya, ka laluba ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya. Motoci da yawa na ƙarshen shekarun 1960 zuwa sama suna da noti a manne a ciki, an toshe bakinsa da ɗan murfin roba. In akwai, da shi za a yi aiki.

Bulon ɗin bel zarensa na daban ne, 7/16 UNF, kauri kimanin milimita 11, kuma har motocin Faransa da Jamus da Japan da shi suke aiki. Bulon na milimita 10 zai shiga ya yi kamar ya kama, amma zai zare in an fisga. Na milimita 12 kuma zai ɓata zaren. A yi aiki da wanda ya zo tare da bel ɗin, ko mai ƙarfin 8.8 zuwa sama, lambar da ke rubuce a kan bulon ɗin. A fara murɗa shi da hannu zagaye uku ko huɗu kafin a sa sufana, a ɗaure da sufana mai auna ƙarfin ɗauri kimanin Nm 40 in littafin motar bai faɗi wani adadi ba. A zoben kafaɗa akwai ɗan bututun ƙarfe ko bulon mai kafaɗa da ke barin zoben ya juya bayan an ɗaure. In aka manta da shi zoben zai daskare, bel ya riƙa cin gefensa.

In babu ramuka, sai an huda, kuma nan ne ake yawan kuskure. Daɓen mota falle ne da bai fi milimita 1 ba, bulon da washa kaɗai za su yage shi su fito. Ga yadda ake yi:

Zaunar da direban, a riƙe bel da hannu a gwada wurare kafin a yi alama. Ɓangaren ƙugu ya sauko baya da ƙasa a karkace, tsakanin digiri 30 da 80 daga kwance, tsakiyar wannan ya fi. In maɗaurin ya yi nisa a baya, bel zai kwanta ya hau ciki. Tsakanin maɗauran ƙasa biyu kada ya gaza santimita 35. Leƙa ƙarƙashin motar ka tabbata babu bututun birki, bututun mai, tanki ko waya a wurin. Daki ƙarfen da bakin sukudireba: in ya lotsa ko tsatsa ta zubo, a yanke a yi waldar sabon falle tukuna. Busasshiyar iskarmu ba ta cika kawo tsatsa ba, amma motocin da suka sha gishirin titunan Turai kafin su iso ta Kwatano, da waɗanda ruwan damina ke kwana ƙarƙashin kafet ɗinsu, sukan ruɓe daidai wannan wuri.

Huda ramin milimita 12. A ƙarƙashi a sa farantin ƙarfe mai kauri milimita 3 aƙalla, faɗi 50 tsayi 75, a goge kusurwoyinsa su zama da'ira kada su yanka daɓen, a lanƙwasa shi ya kwanta lif da ƙarfen. A shafa fentin hana tsatsa a bakin ramin kafin a haɗa.

Maɗaurin sama shi ya fi wuya, shi ne kuma ke yanke hukuncin jin daɗi. Ya kasance a bayan kafaɗa, daidai da ita ko sama da ita kaɗan. In ya yi ƙasa da kafaɗa, bel zai danne ƙashin baya lokacin karo. In ya yi sama da yawa, zai koma wuya. Ana zura faranti mai noti a manne cikin ginshiƙin ta wata kafa da ke akwai, a riƙe shi, a ɗaure. Ba a yi wa noti walda a fatar ginshiƙin daga waje, ba a kuma amfani da ƙusar kwano. Tsohuwar Land Rover jikinta alminiyam ne, maɗauranta sai da ƙarafan da suka kama ƙarfe mai ƙarfi ko shasi. Land Cruiser 40 da aka cire wa rufi ba ta da wurin maɗaurin sama sai an yi mata baka na bututun ƙarfe mai kauri da aka kafa da kyau. Kujerun bayanta masu kallon juna kuwa, bel ba ya kare wanda ke kansu yadda ya kamata a karo na gaba, gara kada a sa yara a nan.

Tsayin sandar makulli a zaɓe shi da gwaji. Akwai gajere, akwai dogo, akwai na igiyar saƙa da ya dace da doguwar kujerar a-kori-kura 404, inda sai ya ratso tsakanin mazauni da jingina. Makulli da harshe tare suke zuwa. Harshen wata mota yana iya yin ƙarar kamawa a makullin wata alhali bai kama sosai ba.

In za a ciro bel daga motar da ta fi taka sabunta, a kula. Tun 1981 Mercedes ta fara sa na'urar da ke fisge bel da ɗan abin fashewa, daga baya wasu suka bi. Bel mai waya ko ɗan bututu a jikin akwatinsa ba na tsohuwar mota ba ne, a bar shi. Wanda aka ciro daga motar da ta yi haɗari ma a bar shi.

Ƙananan abubuwan jin daɗi

Rigar bel mai laushi a kafaɗa babu laifi, in siririya ce kuma ba ta hana shi komawa. Maƙalin da ake sa wa bel don ya yi sako-sako, da tura ɓangaren ƙirji ƙarƙashin hammata ko bayan baya, duk suna mayar da nauyin kan haƙarƙari da ciki. Mai jiki da bel bai ishe shi ba ya sayi mai tsayi, ya fi ƙarin da ake saƙalawa a makulli, wanda ke kawo ƙarfe kan tumbi. Harshen ƙarfe yana ƙona hannu in mota ta yini a rana: a rufe shi da ƙyalle, a kuma sa abin tare rana a gilashi, zai ƙara wa saƙar kwana. Yaron da tsayinsa bai kai santimita 135 zuwa 150 ba, bel ɗin manya wuyansa yake bi, yana buƙatar kujerar ɗagawa ta yara. Mutum biyu ba sa shiga bel ɗaya, kuma ba a ɗaura shi a kan uwa da ɗan da ke cinyarta.

Bayan an gama, a gwada. Fisgi bel da sauri a tsaye, ya kulle. Sannan a sami fili ko titi marar jama'a, a yi gudun kilomita 15 zuwa 20, a taka birki da ƙarfi: ya riƙe ƙirji nan take, ya saki da zarar an jingina. A sake bin bulon ɗin da sufana bayan mako guda, sannan a duk lokacin da aka yi juyen mai, musamman in motar tana yawan bin gargada.